Karnukan Da Ake Horarwa Don Yara Masu Ciwon Sukari: Abin Da Likitoci Suka Gano Da Abin Da Shari'a Ta Ce

 

Ya 'yan'uwa masu karatu, akwai wani labari da ya daɗe yana yawo a ƙasashen Turai da Amurka, wanda a yanzu wayar hannu ta kawo shi har cikin zaurukanmu. Labarin kuwa shi ne wai ana horar da karnuka su riƙa sansanar yaro mai ciwon sukari, idan sukarin jininsa ya faɗi sai karen ya ta da iyayensa, ko da tsakar dare ne, tun kafin yaron ya suma. Wanda bai taɓa jinyar irin wannan yaro ba, yana iya ɗaukar maganar a kan abin dariya, ko kuwa ɗaya daga cikin abubuwan al'ajabi na Turawa. Amma uban da ya san tashin dare yana taɓa goshin ɗansa don ya ji ko gumi ya jiƙa shi, ko ɗan kasuwa ne a Talata Mafara, ko ma'aikacin ƙaramar hukuma a Bakura ko Maradun, shi kam ba zai yi dariya ba. Tambaya zai yi: shin gaskiya ne? In gaskiya ne, ya halatta ga Musulmi? In kuma ya halatta, shi ne abin da ya fi cancanta ya kashe wa dukiyarsa? Waɗannan tambayoyi uku su za mu bi ɗaya bayan ɗaya.

Ciwon da ake magana a kansa

Ciwon sukari iri biyu ne manya. Wanda jama'a suka fi sani shi ne na manyan mutane, wanda sau da yawa yakan zo tare da ƙiba da ƙarancin motsa jiki, ana kuma iya riƙe shi da ƙwayoyi da kiyaye abinci. Na yara kuwa, wanda likitoci ke kira nau'i na ɗaya, dabam yake. Akwai wata gaɓa a bayan tumbi da ake kira fankiriyas, ita ce ke fitar da sinadarin insulin wanda ke shigar da sukari daga jini zuwa cikin tsoka da sauran sassan jiki. A jikin yaron da ya kamu, wannan gaɓa ce ta daina fitar da sinadarin, saboda haka babu makawa sai an riƙa yi masa allurar insulin kowace rana har iyakar rayuwarsa. Shan zaƙi ba shi ke kawo shi ba, sakacin uwa ma ba shi ke kawo shi ba, kuma ba a ɗaukarsa daga wani.

Likitocin Musulunci na da can sun san cutar, har Ibnu Sina, wanda ya rasu a shekarar 1037, ya bayyana alamunta a littafinsa na ilmin likitanci. Amma maganinta bai samu ba sai a ƙarnin da ya wuce, kuma abin lura shi ne ta hanyar kare aka gano shi. A shekarar 1889 wasu likitoci biyu, Minkowski da von Mering, suka cire wa wani kare wannan gaɓa a birnin Strasbourg, sai karen ya kamu da ciwon sukari. A shekarar 1921 kuma Banting da Best suka tato insulin a birnin Toronto na ƙasar Kanada suka gwada a kan karnuka, sa'an nan a watan Janairu na 1922 aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14 allurar, ya kuwa rayu. Kafin wannan lokaci, yaron da ya kamu da cutar ba ya daɗewa.

To, sai dai allurar da ke raya yaron tana tattare da nata haɗarin. Idan ta yi yawa, ko yaron bai ci abinci a kan kari ba, ko ya yi wasa ya gaji ƙwarai, sai sukarin jininsa ya faɗi ƙasa da 70 a kan na'urar awo, watau 3.9 a ɗayan ma'aunin. Daga nan sai rawar jiki da gumi da yunwa mai tsanani, sai ruɗewa, in ba a kai ɗauki ba sai jijjiga da suma. Da rana ana iya gani a taimaka. Da dare kuwa yaro yana barci iyaye suna barci, kuma wannan tsoro na dare shi ne ya buɗe kasuwar karnukan nan.

Yadda ake horar da su

Kowa ya san Allah Ya ba kare hancin da Bai ba ɗan Adam ba, maharbanmu ma shaida ne, don sun san yadda kare kan bi sawun zomo ko gada a cikin sunƙuru. Masu horarwa sukan ɗebi yawu ko gumin mai ciwon a kan auduga a daidai lokacin da sukarinsa ya faɗi, su adana a cikin sanyi, su riƙa ba karen yana sansanawa, duk sa'ad da ya bambanta wannan wari da sauran sai a ba shi tukuici. A hankali har ya saba, idan ya ji warin sai ya daki mutum da ƙafa, ko ya zungure shi da hanci, ko ya ɗauko jakar kayan awo. Horon kirki yakan ci shekara ɗaya zuwa biyu. Daga cikin ƙungiyoyin agajin da suka yi suna a wannan aiki akwai Dogs4Diabetics wadda aka kafa a Jihar Kalifoniya ta Amurka a 2004, da Medical Detection Dogs wadda aka kafa a Ingila a 2008.

Maganar ba ta rasa tushe ba. A shekarar 2016 masu bincike a Jami'ar Kambirij suka gwada mata takwas masu ciwon sukari nau'i na ɗaya, suka sauke sukarin jininsu a ƙarƙashin kulawar likita, suka tarar da wani sinadari mai suna aisofirin yana ƙaruwa a cikin numfashinsu a lokacin. Suka ce mai yiwuwa shi ne, ko yana daga cikin abubuwan da karnuka ke ji. A 2019 kuma Jami'ar Biristol ta fitar da sakamakon nazari a kan karnuka 27 na ƙungiyar nan ta Ingila, inda aka duba fiye da lokuta 4,000 da sukari ya hau ko ya faɗi, aka ce matsakaicin karen cikinsu ya yi gargaɗi a kashi 83 daga cikin 100 na lokutan faɗuwar sukari. Amma fa masu karnukan ne da kansu suka rubuta abin da ya faru, kuma wani kare ya fi wani nesa ba kusa ba.

Inda shakka ta shigo

Da aka zo aka gwada karnukan da na'urar da ba ta san son rai ba, sai labari ya sha bamban. Akwai wata 'yar na'ura da ake liƙawa a jiki, tana auna sukari dare da rana, duk bayan 'yan mintoci. A shekarar 2016 Dokta Evan Los da abokan aikinsa a birnin Portland na Jihar Oregon suka liƙa wa mutum takwas masu karnuka irin wannan na'ura, yara da manya, aka rufe fuskarta don kada su ga abin da take nunawa. Abin da aka samu shi ne, karnukan sun yi gargaɗi a kan lokaci a kashi 36 kacal daga cikin 100 na lokutan da sukari ya faɗi. Daga cikin dukkan gargaɗin da suka yi kuwa, kashi 12 ne kawai ya dace da faɗuwar sukari ta gaskiya. A lokutan da kare da na'ura duka suka gano matsalar, na'urar ce ta riga karen a kashi 73 daga cikin 100, da tazarar minti 22 a matsakaici. A 2017 wani nazari a Jami'ar Bajiniya ya bi karnuka 14, aka tarar uku ne kawai aikinsu ya fi na mai cinke, kuma aka ga aikinsu ya fi rauni a lokacin barci.

Mai karatu ya tsaya ya yi tunani a kan wannan magana ta ƙarshe. Don dare aka sayi karen, shi ma kuwa dabba ne mai barci. Haɗarin da likitoci suka fi jin tsoro shi ne iyaye su saki jiki, su rage tashi awo da dare saboda sun dogara ga kare, alhali kuwa a cikin faɗuwa uku yana iya kuskure biyu. Maigadin da ke kururuwa sau takwas, sau ɗaya ne kawai ɓarawo ya shigo, wata rana mutanen gida za su ji shi su juya su ci gaba da barci.

Ƙarar da aka shigar a Bajiniya

Baya ga raunin hancin kare, akwai raunin amanar mutane. Dokar naƙasassu ta Amurka, wadda aka kafa a 1990, ta ba karnukan taimako izinin shiga makarantu da kantuna da asibitoci, amma ba ta wajabta wata jarrabawa ko takardar shaida ta hukuma ba kafin a kira kare horarre. Saboda haka kowa na iya buɗe kamfani ya ce shi mai horarwa ne. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A watan Mayu na 2018 Babban Lauyan Jihar Bajiniya na lokacin, Mark Herring, ya shigar da ƙarar wani kamfani mai suna Service Dogs by Warren Retrievers. Takardar ƙarar ta yi zargin cewa kamfanin yana karɓar dala 18,000 zuwa 27,000 a kan kare ɗaya, da alkawarin zai ceci ran mai ciwon sukari, amma abin da ake kai wa iyalai sau da yawa 'yan kwikwiyo ne marasa horo, waɗanda ba su iya gano hawa ko faɗuwar sukari ba, wasu ma ba su daina ɓata ɗaki da tauna kaya ba. An ce mutane fiye da 50 ne suka kai kuka. Wani abin takaici a cikin zargin shi ne ana ƙarfafa wa iyalan su nemi gudummawa daga jama'a don su biya kuɗin, watau dai sadakar maƙwabta da 'yan'uwa ce ta tafi. In an juya wannan kuɗi zuwa naira, miliyoyi ne masu yawa, kuma ko karen na kirki ne, shekarun aikinsa da wuya su wuce goma, yaron kuwa yana tare da ciwonsa har tsufa.

Matsayin kare a Shari'a

Yanzu sai tambaya ta biyu. Da yawa daga cikinmu sun tashi da jin cewa kare najasa ne, ba a kuma ko kusantarsa. Maganar malamai ta fi haka faɗi. A mazhabar Imamu Malik, wadda ita ce mutanen ƙasar nan ke bi tun kafin zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, duk abu mai rai mai tsarki ne, har da yawunsa da guminsa, kamar yadda ɗaliban Muhtasar na Shehu Halilu suka sani. Umurnin da ya zo a hadisi na wanke ƙwarya sau bakwai idan kare ya yi lallagi a ciki, Malikawa sun ɗauke shi a kan bauta da bin umurni, ba su ɗauke shi dalilin najasa ba. Hujjarsu kuwa, aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarren kare ya kamo, ga shi kuwa da baki yake kamawa. Shafi'awa da Hambalawa suna ganin najasa ne mai kauri, Hanafawa kuma suna ganin yawunsa ne najasa.

Tsarkin jikinsa wata mas'ala ce, ajiye shi a gida kuma wata. Ya tabbata a cikin Buhari da Muslim cewa wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, ana rage masa lada kowace rana, ya kuma tabbata cewa mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da kare yake. A kan haka ne Ibnu Abi Zaidin, mai littafin Risala, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya taƙaita izinin a kan waɗannan bukatu uku. Amma masu sharhin Risala sun kawo labarin cewa shi kansa, da katangar gidansa ta faɗi a lokacin da ake zaman tsoro a Ƙairawan, ya ajiye kare don gadi, da aka tuna masa ra'ayin Malik sai ya amsa da cewa da Malik ya riski wannan zamani da zaki ma zai ajiye. Ibnu Abdil Barri, babban malamin Andalus da ya rasu a 463, ya fahimci cewa izinin ya haɗa duk wata bukata ta gaskiya ta jawo amfani ko tunkuɗe cuta. A kan wannan ƙiyasi ne malamai da yawa na zamaninmu suka halatta karen jagora ga makaho, har a 2008 wata majalisar Shari'a ta Musulmin Birtaniya ta ba da fatawa, aka keɓe wa karen wani saurayi makaho wuri a mashigar wani masallaci a birnin Lesta, yana jira a can, maigidansa ya shiga ya yi salla.

Idan an halatta kare don tsaron akuya da gero, tsaron ran yaro ya fi cancanta, tun da kiyaye rai yana cikin manyan abubuwa biyar da Shari'a ta zo don ta kiyaye. Amma a nan akwai wani sharaɗi da bai kamata a tsallake shi ba. Malaman fiƙihu ba su taɓa karɓar maganar mai kare kurum cewa karensa horarre ne ba. Sun sa alama wadda ido ke gani: a aike shi ya tafi, a tsawata masa ya tsaya, wasu ma suka ƙara da cewa kada ya ci daga abin da ya kamo, har almajiran Abu Hanifa suka ce sai an ga haka sau uku. Watau izinin yana rataye ne a kan aikin da aka gwada aka tabbatar. Karen da ba ya gano faɗuwar sukari ya koma karen wasa, ko da an sa masa riga mai rubutu, kuma hukuncin karen wasa shi ne ya hau kansa.

Saura maganar ciniki. Hadisin da ya hana cin kuɗin kare yana cikin Muwaɗɗa, kuma abin da ya shahara a mazhaba shi ne hana sayar da shi, ko da yake Sahnun ya halatta sayar da wanda aka yi izinin ajiyewa, haka ma Abu Hanifa. Wanda ya bi masu halattawa ma ba zai kuɓuta daga wata ƙa'ida ba, wadda 'yan kasuwa suka fi kowa sani: an hana cinikin garari, watau sayar da abin da ba a san haƙiƙaninsa ba, an kuma hana algus da ɓoye aibi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya taɓa sa hannu cikin tulin hatsi a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya kuwa yi wa mai hatsin faɗa a kan ɓoyewar. Mai sayar wa uban da tsoro ya cika kwikwiyo da sunan mai ceton rai, laifinsa ya fi na mai jiƙaƙƙen hatsi, don wancan dukiya ya cuta, wannan kuwa rai ya jefa cikin haɗari.

Mu dawo gida

A ƙasarmu akwai ƙarin abin dubawa. Na farko shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma kimanin kashi 40 daga cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Idan alamunsa suka bayyana, kusan babu mai tashi. Duk mai kare, na farauta ne ko na kiwo, wajibi ne ya kai shi ga likitan dabbobi a yi masa rigakafi, Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Vom ma ta daɗe tana yin wannan allura. Wanda kuma kare ya ciza, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a garzaya asibiti.

Na biyu, karen yana da nasa haƙƙin. Addinin da ya ba mu labarin wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa ba zai yarda a ɗauko dabba daga ƙasar sanyi a ɗaure ta cikin zafin bazarar Zamfara, inda ma'aunin zafi kan haura 40, babu isasshen abinci, babu mai ci gaba da horar da ita ba. Na uku, yaron zai je makarantar boko da ta allo da masallaci, kuma kowa ya san yadda jama'a za su dubi yaro da kare a gefensa. Yaron da ke fama da allura kullum ba ya bukatar a ƙara masa nauyin tsangwama.

Abin da ya fi kusa, ya kuma fi tabbas

Abin da yaro mai ciwon sukari a Bakura ko Maradun ya fi bukata abu huɗu ne: insulin da ba ya yankewa, na'urar awo da 'yan tsinkayenta, mutanen gida masu sani, da likitan da ya san shi. Sai dai kafin a kai nan, sai an gane cutar tukuna. Idan yaro yana yawan shan ruwa, yana yawan fitsari, ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, yana ci amma yana ramewa, ko aka ga tururuwa na taruwa inda ya yi fitsari, a kai shi a auna sukarinsa. Ɗigon jini ɗaya ne daga yatsa. Yara da yawa ana ta yi musu maganin zazzaɓin cizon sauro ko taifot har sai sun fara amai da numfashi da ƙarfi sun fita hayyacinsu. Daga babban asibitin gari ana iya tura yaro zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.

Idan kuwa yaron da ke kan allura ya fara rawar jiki da gumi, ko ya ruɗe yana magana ba kan gado, kada a tsaya cewa iska ce ta taɓa shi. In yana iya haɗiya, a ba shi ƙwayar sukari uku, ko cokalin shayi uku na sukari ko zuma a cikin ruwa, ƙaramin yaro a rage masa gwargwadon yadda likita ya nuna, a sake awo bayan minti 15, in ya dawo daidai a bi shi da abinci. In ya suma, kada a ɗura masa kome a baki don kada ya shaƙe, a kwantar da shi ta gefe, a yi asibiti da shi nan take. Addu'a ana yin ta a kan hanya. Wannan sani ya kamata ya kai ga kishiyar uwa da kaka da yayye da malamin aji da malamin allo, kuma kada yaron ya fita ba sukari a aljihunsa.

Rashin wutar lantarki bai isa ya hana ajiye insulin ba. Asalinsa ana ajiye shi ne tsakanin ma'aunin sanyi 2 zuwa 8, ba a barinsa ya daskare. Amma wani bincike da Jami'ar Jeniba da ƙungiyar likitocin agaji ta MSF suka fitar a 2021, bisa yanayin wani sansanin 'yan gudun hijira a Kenya, ya nuna cewa kwalbar da ake amfani da ita tana riƙe ƙarfinta har mako huɗu a zafin da ke kai da komowa tsakanin 25 da 37. Tun da zafinmu yakan wuce haka, sai a koma ga dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda marigayi Malam Muhammad Bah Abba na Jigawa ya yaɗa don adana kayan lambu, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. A sa kwalbar cikin gwangwani mai murfi, a ajiye tukunyar a inuwa inda iska ke kaɗawa.

A yi hattara kuma da masu tallar sassaƙe da garin magani a kasuwa da tasha da gidajen rediyo, masu cewa a bar allura za su warkar da yaro. Su ne takwarorin masu sayar da kwikwiyon can, kuma yaron da aka dakatar wa insulin yana iya halaka cikin 'yan kwanaki. Game da azumi, yaron da bai balaga ba ba a wajabta masa ba, wanda ya balaga kuwa a tuntuɓi likita da malami tare, don Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Sharja a 2009, ta yanke cewa masu ciwon sukarin da azumi ke jefa su cikin babban haɗari su sha ruwa.

Kira ga 'yan kasuwa da ma'aikata

Amsar tambayoyinmu uku ke nan. Wasu karnuka suna jin warin, amma ba kowane kare ba, ba kuma kowane lokaci ba. Shari'a ba ta rufe ƙofa ba idan bukata ta tabbata kuma aikin karen ya tabbata, 'yan'uwanmu mazauna Ingila da Amurka da za su nema sai su bi ƙungiyar da aka sani, su ga gwaji da idonsu, kada kuma su ajiye na'urar awo. Mu kuwa a nan, kuɗin kare guda ya isa ya riƙe yara masu yawa da allura da tsinkayen awo na tsawon shekaru.

Saboda haka muna kira ga attajiran Talata Mafara da Bakura da Maradun, da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da kwamitocin masallatai, su nemi sanin yaran da ke fama da wannan ciwo ta hannun asibitocin yankin, su ware musu wani kaso daga zakka in iyayen mabukata ne, ko su kafa wakafi na musamman. Masu kantunan magani su ji tsoron Allah wajen ajiyar insulin da duba ranar lalacewarsa. Ma'aikatan lafiya da na ilmi kuma su tabbatar kowace ƙaramar asibiti tana da na'urar awo mai aiki, kowane shugaban makaranta ya san ɗalibansa masu wannan lalura. Ranar 14 ga Nuwamba ta kowace shekara ita ce ranar ciwon sukari ta duniya, liman da ya keɓe ɗan lokaci a huɗubar Juma'ar wannan mako ya bayyana alamun cutar yana iya zama sanadin ceton ɗan wani. Ba a fafa gora ranar tafiya.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba iyaye masu jinya haƙuri da lada, Ya shirya mana zuriya, Ya tsare mu daga cin dukiyar mutane da ƙarya. Amin.